Kalma Biyu a Kan Dutsen Athol

Ranar da Glenys Brannock ta shiga farfajiyar Enzo mai sassaƙa duwatsun kabari, ba shawara ta zo nema ba. Ta ajiye tsohuwar motarta a karkace, ta kore ƙudaje daga fuskarta, ta nuna wani dutse mai ruwan toka da ke jingine da katanga.

"Wancan za ka yi wa mijina. Ka sa sunansa, Athol Brannock, da shekarar da ya zo da wadda ya tafi. A ƙasa kuma ka rubuta: Ba laifi."

Enzo ya cire tabarau ya goge da gefen riga. "Sai kuma me?"

"Shi ke nan."

"Glenys, dutse ne fa, ba allon makaranta ba. In na sara, ya saru ke nan har abada."

"Da allo nake so ai da makaranta na nufa. Kunnenka ne ya tsufa ko hannunka?"

"Duka biyun, uwar masifa. Amma ba a nan matsalar take ba. Kin san ba na taɓa dutse sai kwamitin maƙabarta ya yarda da kalmomin. Kuma 'yarki ta bugo mini waya daga birnin Brisbane, ta ba ni nata daban." Ya yi gyaran murya, ya kalli ƙasa. "Wai miji abin ƙauna, uba abin alfahari, yana hutawa a hannun mala'iku."

"Mala'iku!" in ji Glenys. "Athol da ko ni bai taɓa bari na riƙe masa hannu a gaban mutane ba? Ai sai ya tashi ya yi ƙwallo da dutsen."

Daga nan rigimar ta fara, kuma duk wanda ya san Glenys a garin Murrabin ya san ba da wuri za ta ƙare ba.

A bayan rumfar askin tumaki aka haife ta. Uwarta kuku ce, ubanta kuwa ya bi wata motar ulu bai dawo ba. Ta girma tsakanin tukwane da maza masu warin zufa da maiƙon ulu, bakinsu kuma ta ɗauka tun kafin ta iya ɗaura takalmi. Ba ta san faɗin magana tsirara ba. In aiki ya sha mata kai, cewa take ta baje kamar ƙadangare a bakin ruwa. Wanda kansa ba daidai ba, kangaru ne, dabbobin dajin nan masu tsalle, suka ɓalle masa a makiyayar sama. Mai fushi maciji ne da aka sara ba a ƙarasa ba. Marowaci kuwa, aljihunsa ya fi hannunsa tsawo. Wata malama da aka turo daga bakin teku ta sha alwashin gyara mata baki, har da wanke mata shi da sabulu. Ta ce yarinya mai tarbiyya cewa take, "Ina da aiki da yawa." Glenys ta tofar da kumfa ta ce ai kowa yana da aiki da yawa, amma ba kowa ne ya baje ba. Malamar ta gaji ta koma inda ta fito. Bakin Glenys yana nan yadda yake.

Tana budurwa ta karɓi girkin rumfa a karo na farko. A wancan zamanin masu aski su ke ɗaukar kuku, su ke korarsa, da ɗaga hannu kawai. Kwanakin farko suka riƙa shigowa suna cire huluna, su ci shiru, su jera faranti.

"Mun gode, 'yan mata. Abinci ya yi daɗi ƙwarai."

Kullum haka. Glenys takan zagaya bayan tankin ruwa ta yi kukanta, don ta san abin da ke tafe. Ta ga yadda ake yi tun a gindin uwarta: baƙo ake wa ladabi, sai wanda ake shirin sallama. A daren da aka ce za a ɗaga hannu, wani siririn mai aski mai manyan kunnuwa ya ɗauki burodinta ya ƙwanƙwasa a kan tebur.

"Jama'a, wa ya ba kafinta aikin kuku? Wannan ai a yi ƙofa da shi."

Glenys ta juyo da ludayi a hannu.

"Haƙoranka ne na aro. Tsohuwar tunkiya ta fi ka iya tauna."

Rumfa ta kaure da dariya, wani har yana ƙwarewa. Ba wanda ya ƙara tayar da zancen ɗaga hannu. Mai kunnuwan ya cinye burodin, ya ƙara, ya suɗe romon naman da ɓawonsa. Da ya kai bakin ƙofa ya tsaya, bai ko waiwayo ba, ya ce, "Ba laifi." Athol ke nan.

Neman auren ma haka aka yi shi. Yana jingine da mota yana duba taya ya ce, "Na duba, na ga ba wanda zai iya da bakinki sai ni."

"Ni ma na ga ba wadda za ta kwashe ka ko a kyauta," in ji ta. Aka ɗaura.

Athol mutum ne mai awon magana kamar mai awon magani. Ruwan da ya zo bayan dogon fari, ya cika rafi ya ɗauke gada, cewa ya yi ya ɗan jiƙa ƙasa. Ranar da rago ya karya masa ƙafa ya ce yana jin ɗan ƙaiƙayi. Abokinsa gajere, wanda da ƙyar yake leƙa kantar mashaya, shi ya laƙaba wa Dogo, sunan kuma ya bi shi har tsufa. Wanda yake ƙauna zai zage shi tas da safe, da yamma ya tuƙa rabin yini ya je ya ciro masa mota daga laka. Mutum ɗaya ne a garin Athol ke cire wa hula ya ce masa Yallaɓai, wato Mista Whitlock mai babban gandun kiwo, tun shekarar da ya kwaso baƙin ma'aikata ya karya yajin aikin masu aski. Whitlock yana jin daɗin girmamawar nan, bawan Allah. Shi kaɗai ne a Murrabin bai san zagi ba ne.

"Ba laifi" kuwa shi ne ƙurewar yabon Athol, ba wani a samansa, kuma bai yi almubazzaranci da shi ba. Wani karensa ya samu. Burodin Glenys ya samu. Jaririyar da aka miƙa masa a asibiti ma ta samu, wata dunƙulalliya mai kumatu, wadda ya duba ya duba ya ce sunanta Tsinke. A takarda dai Kerrin aka rubuta.

Kerrin yarinya ce mai kaifin kai, don haka aka kai ta makarantar kwana a bakin teku. A can 'yan birni suka mai da ta abin dariya. Sukan zagaye ta su ce, "Ke 'yar daji, faɗi na ƙadangaren nan mu ji." Ta yi kuka har ta gaji, sannan ta yi abin da sabulun malama ya kasa yi wa uwarta: ta wanke bakinta da kanta. Ta dawo hutu tana magana sumul kamar mai karanta labarai. Daga baya ma ta samu aikin tsara wa manyan kamfanoni kalamai masu santsi, irin waɗanda ake korar mutum da su ya fita yana godiya. Ranar da ta gama jami'a Athol ya ari kwat, ya tuƙa tun asuba har faɗuwar rana, ya zauna cikin taro wuya a shaƙe. Da ta sauko da takardarta, iyayen wasu suna rungume 'ya'yansu suna hawaye, shi kuwa ya juya takardar gaba da baya ya ce, "Ba laifi, Tsinke." Glenys ta ga yadda fara'ar yarinyar ta gushe. Ta gani sarai, kuma abin ya yi mata ciwo.

Ciwon mantuwa ne ya ci Athol, a hankali, kamar gara. Glenys ta ƙi a kai shi gidan tsofaffi, ta yi jinyarsa a ɗakinsu har ƙarshe. Kerrin takan zo in ta samu hutu, zuwanta na ƙarshe kuma ta koma baki har kunne. Bayan 'yan watanni aka binne shi.

Kwamitin maƙabarta yana zama a zauren gari, shugabansa kuwa ba wani ba ne, Mista Whitlock ne, ya tsufa amma taye, ƙyallen nan da ake ɗaurawa da kwat, yana wuyansa ko da zafi na narka kwalta. Ya saurari Glenys yana gyaɗa kai.

"Misis Brannock, muna taya ki jimami matuƙa. Marigayi mutum ne mai ladabi ƙwarai, ni shaida ne. Amma dokarmu ta ce kalmomin kabari su zama na girmamawa. Baƙo in ya wuce ya ga wannan, ai zai ɗauka ba ku damu da shi ba."

"Baƙo ne ya aure shi?"

"Ba haka nake nufi ba..."

"Ka je ka duba layin da ke gefen katanga, Yallaɓai. Col Hannigan yana can, an rubuta masa miji mai taushin zuciya. Matarsa ta mutu da karkataccen hanci, duk mun san wanda ya karkata shi. Kalmomin nan naku rigar aro ce, kowa aka sa wa ta shige shi. Mijina ba zai kwanta cikin rigar Col Hannigan ba."

Wasu a kwamitin suka sunkuyar da kai suna danne dariya, amma da aka zo ɗaga hannu suka bi Whitlock, don yawancinsu a gandunsa 'ya'yansu ke aiki. Enzo ya kafa dutsen da suna da shekaru, ƙasan ya bar shi fili.

Glenys ba ta yi kuka ba, ba ta kai ƙara ba. Ranar Lahadi bayan coci ta shiga rumbun bayan gida ta ɗauko gwangwanin jan fentin da ake sa wa tumaki alama, wanda ke daɗewa a bayan tunkiya ko ana ruwa ko ana rana. Ta durƙusa gaban dutsen da gwiwoyinta masu ciwo ta rubuta kalmominta biyu, manya-manya, ana hango su daga titi.

Mai kula da maƙabartar Dogo ne, tun da bayansa ya hana shi aski. Shi aka turo da bokiti da burushi.

"Glenys, so kike a kore ni?"

"Wanke mana, aikinka ne. Ni ma nawa nake yi."

"Ke dai kangarunki duk sun ɓalle, wallahi."

"Gara ni, ina da makiyayar. Kai ko filin babu."

Dogo ya wanke, ranar Lahadi ta sake rubutawa. Ya sake wankewa, ta sake. Wankin nasa kuma kullum ƙara sanyi yake yi, sai ya kai Juma'a kafin ya tuna inda ya ajiye burushi. Mutane suka fara zagayowa ta titin maƙabarta don su ga ko yau akwai ko babu. A mashaya tsofaffin masu aski sukan ɗaga kofi su ce wa juna, "Ba laifi," su sha. Abin ya ishi Whitlock. Sai ya yi dabara: ya sanar cewa in iyalan mamaci suka zo zaman kwamiti da murya ɗaya, to, za a bar su. Ya san Kerrin, ya san irin kalmomin da ta ba Enzo, don haka hankalinsa kwance.

Kerrin ta iso ana gobe zaman, da yamma, cikin motar haya mai sheƙi. Glenys ta gasa mata cinyar tunkiya da kabewa da dankali. Aka ci ana zancen hanya da farashin mai, kamar baƙi biyu a tasha. Da aka zo shan shayi Kerrin ta ajiye kofi.

"Mama, kin mai da kabarin Baba abin kallo."

"Ni na mai da shi, ko masu wankewa?"

"Don Allah ki bari. Ina so in kawo 'ya'yana wata rana su karanta, su san kakansu mutum ne da aka ƙaunata."

"To ai abin da na rubuta ke nan. In kin manta yarenku, in fassara miki."

"Kada ki fassara mini komai!" Muryar nan mai santsi ta tsage. "A gidan nan na tashi. Na san abin da yake nufi in ya faɗa, na sani sarai. Amma ni yarinya ce a lokacin, Mama. Sau ɗaya kawai nake so ya buɗe baki ya faɗa a cike, ba sai na zauna ina lissafi ba. Kare ma ya samu 'ba laifi'. Ni da kare awo ɗaya."

"Karen nan ya yi kiwo da ƙafa uku, kada ki raina shi." Glenys ta faɗa, amma ba ta yi dariya ba. Ta juya cokali a kofi. "Kina tsammani ni ban so ba? Dutse ce ni? Shekara arba'in ina jiran mutumin nan ya ce mini abu ɗaya mai laushi, ko da kuskure."

"To kin gani. Kuma ya iya, Mama, wannan ne abin. Zuwana na ƙarshe ya riƙe hannuna, da hannu biyu. Ya ce ni mace ce kyakkyawa mai hankali. Ya ce duk wanda ya haife ni ya yi sa'a. A ƙarshe ya canza, ya saki bakinsa. Wannan Baban nake so a rubuta."

Glenys ta ajiye cokali. Tana ɗakin a ranar, tana naɗe zanen gado, ta ji komai. Tun daga lokacin take riƙe da abin a ciki, ta yi niyyar tafiya da shi kabari. Yanzu hanya biyu ce a gabanta. Ta yi shiru, gobe a kwantar da Athol a hannun mala'iku. Ko ta buɗe baki ta fasa wa 'yarta abu ɗaya tak da take taƙama da shi. Ta dubi yarinyar, ta ji tausayinta har cikin ƙashi. Amma Glenys ba ta taɓa iya shiru ba, ko da shirun ne ya fi.

"Ya kira ki Tsinke?"

"Me?"

"A ranar. Da yake riƙe da hannunki. Ya kira ki Tsinke ko sau ɗaya?"

Kerrin ta kawar da kai gefe.

"Bai san ki ba, 'yar nan. Ya ɗauka ma'aikaciyar asibiti ce ta zo duba shi. Da kika fita ya tambaye ni wace ce baiwar Allah nan mai kirki." Glenys ta ture kofinta gefe. "Ni ma haka ya yi mini, shekara guda cur. In na wanke shi, na gode baiwar Allah. In na ba shi shayi, bai taɓa shan mai daɗinsa ba. Har ƙoƙarin tashi yake yi in na shigo, kamar Whitlock ne ya zo. Duk kalmomin da na yi ta jira na same su tuli, kuma kowace ɗaya sai da ta yanke ni, don ba ni yake faɗa wa ba. Mijina ya tafi ya bar mini wani dattijo mai ladabi a gado."

Glenys ta ci gaba.

"Saura kwana kaɗan ya rasu, na jiƙa masa burodi a shayi. Ya tauna, ya tauna, sai ya ɗago ya dube ni, irin duban da na sani. Ya ce, 'Glen, har yanzu kafintan nan bai koyi girki ba?' Na ce tsohuwar tunkiya ta fi shi iya tauna. Ya yi dariya. Ya ce, 'Ina Tsinke?' Na ce tana Brisbane. Ya gyaɗa kai ya ce, 'Yarinyar nan ba laifi.' Na ruga in ɗauko waya ki ji da kunnenki. Kafin in dawo ya koma yi mini godiya."

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"In na faɗa miki wannan, sai na faɗa miki wancan."

Kerrin ta miƙe a hankali, ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta ce, "Da kin bar mini shi, Mama. Shi kaɗai nake da shi." Motar ta tashi, ƙura ta bi ta.

Glenys ta wanke faranti, ta sake wanke su. Ta san ta yi ɓarna. Ta san mai yiwuwa ta rasa dutsen ta kuma rasa 'yar gaba ɗaya. Amma ko a lokacin, da za a ce ta janye, ba za ta janye ba.

Da safe ta shiga rumbu, gwangwanin fenti ba ya nan. Ta yi tsaki. "Ta zubar ke nan," ta ce wa kaji. Ta lalubo wani tsohon gwangwani mai ɗan saura a gindi, ta karya reshe ta yi burushi da tsumma, ta hau mota. In yau ce rana ta ƙarshe, to, kwamiti zai zauna kalmomin suna kan dutse.

Tun daga ƙofar maƙabarta ta hango motar hayar. Kerrin tana durƙushe gaban dutsen cikin kayan jiya, takalmin birni ya nutse a jar ƙasa, idanu a kumbure. Fenti ya ɓata mata siket, ya hau gwiwar hannu, har a kumatu. Ta gama kalma ta farko tana kan ta biyu. Dogo yana can nesa ya juya baya, wai yana gyaran wani famfo da ba abin da ya same shi.

Glenys ta tsaya a bayanta. Kalamai masu laushi suka taru mata a baki, tana so ta faɗe su duka.

"Duk kuɗin makarantar nan," ta ce, "ki rasa iya miƙe layi? Kaza ta fi ki rubutu, Tsinke."

Kafaɗun Kerrin suka girgiza, ba a san kuka ba ne ko dariya. Ba ta waiwayo ba.

"Burushinki ne ya mutu tun zamanin yaƙi, tsohuwar masifa. Riƙe mini gwangwanin."

Glenys ta riƙe.

Haka suka shiga zauren gari, da fenti a jikinsu. Whitlock ya taso da fara'a yana miƙa wa Kerrin hannu, ya ga ja, ya mai da hannunsa aljihu. Kerrin ta tsaya tsaf, ta ciro muryar nan tata ta Brisbane, sumul.

"Yallaɓai, ni da mahaifiyata muna matuƙar godiya bisa kulawarka ta musamman. Mahaifina ya sha nuna maka irin girman da kake da shi a wurinsa, ni ma daidai haka nake ganinka. Muryarmu ɗaya ce. Kalmomin Mama muke so."

Wani tsoho a baya ya toshe baki da hula ya fita waje da gudu. Whitlock ya ce ya gode ƙwarai da wannan yabo, ga shi kuma shi ya kafa sharaɗin da bakinsa. Aka ɗaga hannu, wannan karon ba wanda ya kalli fuskarsa.

Da Enzo ya zo da kayan aikinsa zai goge fentin ya ja layi, Glenys ta riƙe masa hannu.

"Kada ka taɓa. Ka bi nata yadda yake."

"A karkace fa yake, Glenys. Mutane za su ce a buge na yi."

"Ai sun saba faɗa. Sara."

Ya sara. Har yau in ka bi titin maƙabartar Murrabin za ka ga dutsen, sunan a miƙe, kalma biyun a ƙasa suna gangarawa gefe kamar za su zame.

Ranar da Kerrin za ta koma, Glenys ta cusa mata burodi biyu a kujerar baya. Ba a rungumi juna ba, ba a saba ba. Kerrin ta tayar da mota, sannan ta sauke gilashi.

"Mama, ke in naki ya zo, me zan sa?"

"Abin da kika ga dama. In kika sa mini mala'ika sai na dawo na shaƙe ki."

"Na riga na zaɓa." Ta dubi kujerar baya, ta dubi uwarta. "Zan sa: Burodinta a yi ƙofa da shi."

Glenys ta ɗaga hannu kamar za ta kai mata duka, motar ta wuce. Ta tsaya a bakin titi har ƙurar ta kwanta. Tun ranar da aka binne Athol ba ta yi kuka ba, sai a wannan ranar, kuma na daɗi ne. Ta zagaya bayan tankin ruwa ta yi abinta, inda ba mai gani sai kaji.